Musayar Wayar Kawu

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Dutse, ina ƙaramin ma'aikaci a sakatariya. Aikina ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, da buga takarda idan mai bugawa ba ta zo ba. Albashina bai kai in yi mafarkin waya ba, domin a lokacin ko layin kawai sai wanda ya ci ya tada kai. Duk da haka na riga manya da yawa a ofishinmu riƙe waya, albarkacin kawuna.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ɗan kasuwar hatsi. Yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen gero da riɗi, yana lodawa kudu. Harkar ce ta sa ya sayi waya tun farkon fitowarta. Da ya samu wata sabuwa, sai ya zo har ɗakin da nake haya, ya zaro tsohuwar daga aljihun babbar riga a nannaɗe cikin hankici, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ungo, ɗana. Da layinta da komai. Ka riƙe ta da kyau, mai albarka ce. Duk cinikin da na ƙulla da ita ban taɓa faɗuwa ba."

Baƙa ce, doguwa, da eriya a ka kamar ƙahon ɗan akuya. In na sa ta a aljihun gaba sai wuyan rigata ya karkace gefe guda. Murfin batirin ya tsage, Kawu ya ɗaure shi da kyauro. Kukanta kuwa irin na gyare ne, ba daɗi amma ko a kasuwa sai ka ji shi.

Da farko ba wanda ya ga aibunta. Maƙwabtana a gidan haya suna ba 'yan'uwansu lambata, a kira ni in je in ƙwanƙwasa ƙofa in ce ana magana. A ofis har shugaban sashenmu ya taɓa aron ta. Ina tafiya ina jin nauyinta a ƙirji, ina jin kaina wani ne.

Sai ƙananan wayoyi suka fito, masu shiga tafin hannu su ɓace, masu fuska mai launi. Kafin a ce me, kowa a ofis ya yi, har masinja. Daga nan tawa ta samu suna. Wasu su ce bulo, wasu su ce guduma. Akwai abokin aikina da muke tebur ɗaya, duk sanda ƙusa ta fito a kujerarsa sai ya miƙo hannu ya ce in ara masa ya mayar da ita. Nakan yi dariya tare da su. Ranar da abin ya tsaya mini a rai ita ce ranar da aka yi mana baƙi daga Kano, ana zaune ana taro kowa ya ajiye wayarsa a kan tebur, tawa ta fara kuka a aljihu. Na ciro ta don in kashe. Ɗaya daga cikin baƙin, wata mata mai gilashi, ta dube ni da gaske, ba da wasa ba, ta ce, "Au, jami'in tsaro ne? Na ga oba-oba." Ɗakin ya kwashe da dariya. Ita ma da ta gane sai ta rufe baki tana ba ni haƙuri, haƙurin nata ya fi dariyar ciwo.

Tun daga ranar na koma ɓoye ta a aljihun tebur. In an kira ni sai in tura ta cikin hannun riga, in zaga bayan gini wajen da masu shara ke ƙona takardu, can nake amsawa.

Wannan abokin nawa ne ya gaya mini akwai wani mai shago kusa da kasuwa da yake musaya: ka ba shi tsohuwa, ka yi ciko, ya ba ka wata. Na daɗe ina juya maganar, ina tuna hankicin Kawu. Ana gobe za a ɗauki azumi na tashi daga aiki da wuri, na ɗauki abin da na tara don ɗinkin Sallah, na nufi shagon.

Shagon ɗan ƙarami ne, da akwatin gilashi a gaba an jera wayoyi, samari sun cika bakin ƙofa, wasu caji suka kawo wasu kallo kawai. Na tsaya a gefe ina jira su ragu, ba su ragu ba. Mai shagon ya hango ni ya ce, "Yallaɓai, me za a ba ka?" Dole na matsa na ajiye ta a kan gilashin. Ya ɗaga ta sama da yatsu biyu, ya juya ta, ya ɗan ja kyauron ya sake shi ya yi ƙara.

"Ikon Allah. Har yanzu akwai irin wannan a gari?"

Samarin suka leƙo. Wani ya ce a kai ta gidan tarihi. Mai shagon ya ce shi gaskiya ba don mutunci ba ba zai karɓa ba, sai dai ko ya ciri wani abu a cikinta don gyara. Ban yi ciniki ba. Abin da ya faɗa shi na amsa, don in bar wurin. Na nuna wata mai ruwan azurfa, irin wadda ake buɗewa a rufe kamar ƙwaryar goro, ya ce ta hannu ce amma ba abin da ya same ta. Ya zare layina daga tsohuwar ya sa a ciki, ya jefa wayar Kawu cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur inda na ji ta faɗa kan 'yan'uwanta.

"Ka dai iya aiki da ita ko? In nuna maka?"

Idon samarin yana kaina. Na ce, "Haba dai, wannan ai ba komai ba ce." Na sa ta a aljihu, ko nauyinta ban ji ba, na hau acaɓa zuwa tasha.

Garinmu yana ɓangaren Kiyawa, ba nisa da titi. Mahaifina malami ne, yana da makarantar allo a ƙofar gida, kuma shi yake tafsiri a masallacin gari duk watan azumi bayan la'asar. Mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "wannan yaron". Tun ina sakandare nake ja masa baƙi, wato ni nake karanta aya da murya shi kuma ya fassara ya yi bayani. Da na fara aiki sai na riƙa ɗaukar hutuna na shekara a watan azumi saboda haka. Ba zan ɓoye ba, ina son wannan zama. A Dutse ni mai ɗaukar fayil ne, a gida kuwa muryata ce take fita ta lasifikar da ke kan masallaci, mata suna ji daga cikin gidaje suna aikin abincin buɗa-baki.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, zukatan mutane da zafinsu. An daina kiɗa a biki a garinmu, kuma Malam yana cikin waɗanda aka nemi shawararsu kafin a daina. A kwanakin farko na azumin nan ma sai da ya taɓo samarin da ke tafiya gidan kallo a Kiyawa suna kallon rawar Indiyawa, ya ce kunnen da ya saba da wannan da wuya ya ji daɗin karatu. Ina gefensa ina gyaɗa kai.

Babu sabis a garin. Mai son yin waya sai ya fita bayan gari ya hau wani tudu, ya ɗaga hannu sama yana juyi kamar mai neman wata. Saboda haka ban taɓa tunanin kashe wayata ba. Tana aljihun gaba kullum, nakan kai ta caji wurin mai janareta, in an taru a ƙofar gida in ciro ta in buɗe kamar ina duba lokaci. Ba wanda ya kira ni tun da na saye ta, don haka ban taɓa jin kukanta ba. Na ga dogon ƙarfen da aka kafa a bakin titi, amma ya yi watanni a tsaye ba ya aiki, har mutane sun daina maganarsa. Ashe a wannan makon za a kunna shi.

Ranar muna zaune a harabar masallaci ƙarƙashin darbejiya, jama'a sun cika har bakin hanya. Makirfo ɗaya ne, a kan gajeren ƙarfe tsakanina da Malam, in zan karanta sai in sunkuya kansa. Na sunkuya ke nan, na kai tsakiyar aya, sai na ji ganga. Bayan gangar sarewa ta biyo, sannan muryar mace, siririya, tana rera waƙa da yaren Indiya. Sautin ya fito ta lasifikar kan masallaci, ya bugi katangun gari ya dawo.

Na tsaya. Na ɗaga kai na ɗaure fuska, na kai dubana can baya inda samari suke zama, ina neman mara kunyar da ya yi wannan. Sai na ga ba wanda yake kallon baya. Kowa ƙirjina yake kallo. Na sunkuyar da kai, ga wani haske shuɗi yana walƙiya ta cikin farar rigata.

Na ciro ta da sauri. Na danna wani abu a gefenta, waƙar ta ƙara ƙarfi. Na buɗe ta, ashe buɗewar ita ce amsawa. Waƙar ta tsaya, wata murya ta fito, ƙarama amma makirfon ya kama ta tsaf:

"Alo! Alo! Ɗana, kana ji na? Sabis ya zo garinmu!"

Babu wanda bai gane muryar Kawu ba. Na ji dariya ta ɓalle a baya, wani dattijo ya yi tsawa aka haɗiye ta. Na rufe wayar da sauri na tura ta ƙarƙashin cinyata. Na koma kan makirfo, na yi a'uziyya zan sake ɗauko ayar daga farko, gangar ta sake tashi. Kawu ya ga an katse, ya sake kira.

Malam bai dube ni ba. Ya miƙa hannu ya rufe kan makirfon da tafinsa, ya ce a hankali, "Fita da ita."

Babu hanyar fita sai ta tsakiyar mutane. Na miƙe na riƙa ƙetare ƙafafun dattawan da suka san ni tun ina tsumma, matar nan tana ta rera waƙarta a hannuna. Wasu suka kau da kai, don su rage mini. Wannan kau da kan har yau ina ganinsa. Takalmina ma ban tsaya nema ba. Na zaga bayan masallaci wajen alwala, na yi ta kokawa da murfin har na samu batirin ya fita, ta yi shiru.

Daga inda nake na ji Malam ya yi gyaran murya a lasifika, ya ja ayar da kansa, da muryarsa ta tsufa da ba ta kai inda tawa take kaiwa, sannan ya fassara. Haka ya yi ta yi, ya ja ya fassara. Ya kamata in koma in zauna, amma ban koma ba. Na jingina da bango, ƙafa ba takalmi a cikin laimar ruwan alwala.

A nan Kawu ya same ni. Saukarsa ke nan daga mota a bakin titi, ya biyo ta bayan masallaci, wayarsa a hannu, fuskarsa cike da murna.

"Kai, ka ji ni kuwa? Ina sauka na ga sabis ya cika fal, na ce bari in gwada ka. Amma wane ɗan banza ne ya kunna waƙa a lasifikar masallaci? Tun daga titi nake ji."

Ya dubi hannuna, waya a ɗaya, batir a ɗaya. Ya dubi fuskata. Na ga lokacin da ya gane.

"Ina tawa?"

"Kawu, musaya na yi."

Ya mayar da wayarsa aljihu, ya tsuguna ya ɗauki buta ya fara alwala.

Ban jira an tashi ba. Na bi ta lungu na shiga gida na wuce ɗaki. Inna tana tsakar gida tana dama kunu, ta ji komai kamar yadda kowace mace a garin ta ji. Ba ta ɗago ba. Da aka sha ruwa ta turo mini ƙosai da kunu har ɗaki, abin da ba ta taɓa yi ba, domin kullum a zaure nake buɗa-baki tare da Malam. Na ji shigowar ladan bayan magariba, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa a zaure, kalma ɗaya-ɗaya tana iso ni: mutane, magana, ɗan Malam guda. Da ya tafi aka ce Malam yana kira.

Na durƙusa a bakin buzunsa. Ya daɗe yana jan carbi.

"Kai ka sa waƙar?"

"Allah gafarta Malam, a'a. Haka na same ta. Ta hannu ce."

"Me take cewa?"

"Ban sani ba. Yarensu ne."

"To." Ya ajiye carbin. "Ka sayi abu ba ka san abin da ke cikinsa ba, ka shigo da shi masallaci. Mai shagon bai nuna maka ba?"

"Ya ce zai nuna mini. Na ce na iya."

Ya dube ni a karon farko tun la'asar. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Na ce ina roƙon alfarma a samu wani cikin manyan ɗalibansa ya ƙarasa jan baƙin bana, ni zan koma Dutse.

"Gobe za ka zauna inda ka saba," in ji shi. "In ba ka zauna gobe ba, ba za ka ƙara iya zama ba. Kana tsammani ni ba na jin kunyar? Ni ma zan zauna."

Washegari da safe na shiga motar Dutse, da niyyar in karɓo wayar Kawu ko da zan bar cikon da na yi. Mai shagon ya jawo kwalin ya yi ta tonawa, ya ciro mini gangar jikinta kawai, ba fuska, ba madannai, eriyar ma an cire. Ya ce ai tun ranar ya farke ta. Na ce to ya canza mini kukan wannan. Ya mayar da batir, ya danna nan ya danna can, waƙar ta tashi a shagon, ya ɗan kaɗa kai yana bin ta.

"Wannan ce ba ka so? Mutane kuɗi suke biya in sa musu ita."

Ya sa mini ƙararrawa irin ta kowa, ya nuna mini yadda ake kashewa da yadda ake sa ta yi shiru. Duka-duka bai kai lokacin da mutum zai sha ruwa ba. Na tsaya na koya, samarin bakin ƙofa suna kallo, ban damu da su ba.

Na dawo kafin la'asar. Na bar wayar a ƙasan akwati a ɗaki. Jama'ar da suka taru ranar sun fi na kullum, har da waɗanda ban taɓa gani a wurin tafsiri ba, kuma na san abin da ya kawo su. Na sami takalmina a jere a bakin ƙofa, wani ya adana mini. Na zauna, idona a kan shafin da ke gabana. Kafin a fara Malam ya jawo makirfon gabansa.

"Jama'a, jiya an yi abin da bai dace ba a wurin nan. Daga gidana ya fito. Ba da gangan ba ne, amma an yi. Ina neman afuwarku."

Aka amsa da "ba komai, Malam" daga ko'ina. Dattijon da tun tasowata ban taɓa jin ya nemi afuwar kowa a bainar jama'a ba, yau ya nema saboda ni. Na so ƙasa ta tsage. Ya turo mini makirfon, na buɗe baki, muryar da ta fito kamar ba tawa ba. Sau biyu na yi tuntuɓe a ayar da na haddace tun ina yaro, Malam yana gyara mini ba tare da ya ɗago ba. A haka muka kai ƙarshen zaman. Kwana biyu, uku, muryar ta dawo, 'yan kallo suka ragu.

Kawu ne ya fi wuya. Na je gidansa na same shi yana auna riɗi a ƙofar rumbu, na tsuguna na ba shi haƙuri. Ya ci gaba da awonsa.

"Kyauta na ba ka, taka ce, ka yi yadda ka so da ita," in ji shi. "Abin da ban sani ba shi ne kunyarta kake ji. Da ka gaya mini, akwai masu so."

Na ce ba haka ba ne. Ya ce to, Allah ya sa albarka a sabuwar. Bai ƙara tada maganar ba, ni ma ban ƙara ba, amma an daɗe kafin ya koma tsokanata yadda ya saba.

Na ƙarasa watan ban fita ko'ina ba sai masallaci. In na bi ta kan hanya nakan ji an yi shiru a majalisa har in wuce. Wayar tana ƙasan akwati a kashe, ko duba ta ba na son yi.

Ranar Sallah da hantsi, bayan an sauko daga idi, na shiga cikin gida in gaida su Inna, sanye da rigar bara da aka wanke aka buga. Mata sun cika tsakar gida ana tuƙa tuwo. Gwaggona, yayar Malam, wadda kullum carbi yake hannunta, tana tsugune tana kwashe tuwo a akushi, tana ɗan gunguni da hanci. Na tsaya na saurara. Waƙar ce, ta kama ta daidai, har inda muryar take hawa ta sauko. Ba ta ma san tana yi ba. Ƙannena mata suka dube ni suka dubi juna, suka cusa fuska cikin mayafi kafaɗunsu suna rawa. Gwaggo ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Lafiya kake tsaye kamar an dasa ka? Zo ka ɗauki na Malam ka kai zaure." Na ɗauki akushin na fita.